Shawarar Masanin Na'ura a Aikin Likitancin Iyali: Abin Lura Daga Dirin Daji

Dirin Daji gari ne a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba cikin Masarautar Zuru, ba shi kuwa da nisa da iyakar Jihar Neja. Mutanen wannan ƙasa galibinsu manoma ne da makiyaya, akwai Kambari da Dakarkari da Dukkawa da Fulani da Hausawa, kowa da harshensa na gida, amma Hausa ita ce harshen kasuwa da na asibiti. Daga nan zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, inda manyan asibitoci suke, tafiyar sa'o'i da yawa ce a mota. Saboda haka mai ciwo a wannan yanki ba safai yakan ga gwanin likita na cuta guda ba. Wanda yakan gani shi ne likitan da ke duba kowace irin cuta, ko malamin asibiti, ko unguwarzoma.

A 'yan shekarun nan an yi ta kawo wa irin waɗannan ma'aikata wayoyi da kwamfutoci, ana cewa za su sauƙaƙa musu aiki. Wani wuri sun sauƙaƙa, wani wuri kuwa sun zama kaya a kan kaya. Abin da ke raba tsakanin biyun, galibi, shi ne irin shawarar da aka bi tun kafin a sayo na'urar. Wannan takarda za ta bayyana aikin mai ba da wannan shawara, da tambayoyin da ya wajaba ya yi a wuri irin Dirin Daji, da kuma rabon da masana Hausa da malaman kwalejojin horo suke da shi a cikin al'amarin.

Mene ne likitancin iyali

Likitancin iyali wani fanni ne na aikin likita wanda ba ya zaɓen cuta, ba ya zaɓen shekaru. Likitan iyali shi ne farkon wanda mai ciwo yake isa wurinsa, shi ne kuma yake ci gaba da lura da shi shekara da shekaru, yana duban sa tare da gidan da ya fito. In jariri yana yawan gudawa, likitan iyali yakan tambayi rijiyar da ake ɗiba. In an sami tarin fuka a jikin maigida, yakan nemi a kawo masa waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. In yara biyu cikin gida suna da sikila, watau amosanin jini, ya san abin da zai faɗa wa iyaye game da 'ya'yan da za su haifa nan gaba.

A Nijeriya an kafa kwalejin horon manyan likitoci ta ƙasa a 1979, aka sa wannan fanni cikin sassanta, aka riƙa horad da likitocinsa musamman a asibitocin mishan irin na Ogbomosho da na Jos. A lokacin kuwa duniya tana kan maganar taron Alma-Ata na 1978, inda aka yarda cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage a kan wannan hanya, a 1992 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da kiwon lafiya a matakin farko. Amma har yau likitocin iyali masu cikakken horo sun fi yawa a birane. A ƙauye aikinsu yana kan malaman asibiti da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya.

Jarin wannan fanni shi ne tunawa. Likitan tiyata yana iya yi wa baƙo aiki yau, ya warke, ba su sake haɗuwa ba. Likitan iyali kuwa in bai san awon jinin da aka yi wa tsohuwa bara ba, ba shi da hanyar sanin ko maganin hawan jini yana yi mata aiki. A da malamin disfensare yakan daɗe a gari ɗaya har ya san kowane gida, tunaninsa shi ne littafinsa. Yanzu ana yawan canja wa ma'aikata wurin aiki, kati yakan ɓace, gara takan ci rajista, ruwan damina yakan jiƙa ta. Babban amfanin na'ura ga likitancin iyali ke nan, ta riƙe labarin gida ko da ma'aikaci ya tashi.

Aikin mashawarci

Mashawarcin da ake nufi a nan shi ne masanin kwamfuta da hanyoyin sarrafa bayanai wanda hukuma ko asibiti suke kira ya faɗa musu abin da ya dace su saya, da yadda za su tsara shi, da yadda za su koya wa ma'aikata, da yadda za su tsare abin da aka rubuta. Shi ba dillali ba ne, ko da yake sau da yawa akan rikita su. Dillali yana da haja yana neman mai saye. Mashawarci kuwa kamar tafinta yake, yana tsaye tsakanin likita wanda bai san cikin na'ura ba da maƙerin manhaja wanda bai taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya ba. Wani lokaci mafi kyawun shawararsa ita ce kada a sayi kome tukuna, a fara gyara rajistar takarda.

Ƙasar Ingila ta ga fuskokin abin duka biyu. A can likitocin iyali ne da kansu suka fara shigo da kwamfuta cikin aikinsu. Wani likita mai suna James Read, a garin Loughborough, shi ya tsara jerin lambobin cututtuka da aka daɗe ana amfani da su a ƙasar. Manhajar EMIS kuma likitoci biyu ne na wani ƙauye mai suna Egton, a lardin Yorkshire, suka ƙirƙiro ta cikin shekarun 1980 domin bukatar aikinsu. Kafin shekarar 2000 galibin likitocin iyali na Ingila sun koma ga kwamfuta, ba tare da wata babbar hayaniya ba. Amma a 2002 gwamnati ta ɗauko wani gagarumin shiri na haɗa asibitocin ƙasar a kan tsari guda, aka ba manyan kamfanoni kwangila daga sama, ba a saurari masu aikin yadda ya kamata ba. A 2011 aka rushe shirin, kwamitin majalisa ya ƙiyasta kuɗinsa kusan fam biliyan 10. Ga shi kuwa ƙasa ce mai wuta da kuɗi da masana. Abin da ya rasa shi ne shawarar da ta fara daga ɗakin duba marasa lafiya. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya riga ya iso

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ita ce kuwa ta buɗe ƙofar sauran. A 2010 hukumar NAFDAC ta fito da hanyar gane jabun magani, mai saye ya kankare jikin kwali ya aika da lamba ta saƙon waya, a amsa masa ko maganin na gaskiya ne. Daga 2012, a yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewa, an riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu nuna inda aka taka, aka kuma zana taswirori daga hotunan tauraron ɗan adam, sai aka gano unguwanni da rugage waɗanda ba su cikin taswirar hannu, ba a kuwa zuwa musu. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A Jihar Adamawa, daga 2016, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tare da wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwizalan sun sa wa malaman asibiti wata manhaja mai suna ALMANACH a ƙananan kwamfutocin hannu, tana bin su tambaya bayan tambaya wajen duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, har ta kai su ga magani da awonsa.

Akwai kuma DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take kula da ita, wadda Nijeriya ta ɗauka domin tara ƙididdigar lafiya ta ƙasa. Ƙarshen kowane wata asibiti yakan haɗa jimlar waɗanda ya duba, da haihuwa, da rigakafi, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, ya shigar, lissafin ya hau zuwa jiha, ya wuce Abuja.

Duk waɗannan suna da amfani, amma akwai abin lura a cikinsu. Galibinsu an gina su ne domin cuta guda, ko domin mai mulki ya ga jimla. Lissafi yana hawa sama, kaɗan ne yake saukowa. Jami'i a Birnin Kebbi yana iya sanin yara nawa aka duba a Sakaba cikin watan jiya, alhali malamin asibitin da ke Dirin Daji ba shi da hanyar sanin ko yaron da ke gabansa shi ne wanda aka kawo sau uku tun farkon damina. Wannan giɓi shi ne wurin aikin mashawarci a likitancin iyali.

Rigakafin zazzaɓi, zakaran gwajin dafi

A binciken ƙasa na 2018 da na 2021, Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan zazzaɓin cizon sauro a jikin yara. Binciken ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar cutar a jinin yara 52 cikin 100, na 2021 kuma 49 cikin 100, alhali a Legas 2 ne cikin 100. Don haka ne a watan Disamba na 2024, sa'ad da Nijeriya ta fara ba da allurar rigakafin wannan zazzaɓi mai suna R21, aka fara da Kebbi da Bayelsa. Allurar kashi huɗu ce: yaro yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'an nan ta ƙarshe yana wata 15.

A dubi tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu, wata 8 ke nan. Cikin wata 8 uwa tana iya tafiya ganin gida, tana iya samun wani ciki, kati yana iya salwanta, malamin da ya yi allurar farko ana iya mai da shi wani gari. Ba ƙwarewar allura ce za ta kawo yaron nan ranar ta huɗu ba. Abin da zai kawo shi shi ne a sami wanda ya san sunansa da gidansu da ranar da ta dace, ya kuma aika a kira. Aiki ne na tunawa, irin wanda na'ura ta iya ƙwarai, in an tsara ta daidai da wurin. Ga tambayoyin da mashawarcin kirki zai fara da su.

Ta farko ita ce wuta da sadarwa. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta dace da ƙauye ba. Tilas ta iya ajiye abin da aka rubuta cikin wayar kanta, in an sami layi ta aika. Wannan ba zato ba ne kawai, gama a watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Masarautar Zuru, na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Duk asibitin da ya dogara ga layi kaɗai, ran nan ya makance. Haka nan batun caji: mashawarci zai lissafa farantin hasken rana da batir, ya kuma tambayi wanda zai sake batirin bayan shekara biyu ko uku in masu tallafi sun tafi. Zai kuma ba da shawara a bar katin takarda a hannun uwa, domin shi ba ya bukatar caji.

Ta biyu ita ce lokacin ma'aikaci. In malamin asibiti yana cika rajista da yawa da hannu, aka ƙara masa waya ba a rage masa kome ba, an ƙara masa aiki ne, marasa lafiya kuma su daɗe a layi. Ƙa'ida ita ce a rubuta abu sau ɗaya, na'ura ta fitar da jimlar wata da kanta. In ma'aikaci ya ga tana ba shi jerin yaran da allurarsu ta zo wannan mako, zai riƙe ta da kyau. In kuwa ba ta ba shi kome sai nema take yi daga gare shi, zai cika ta ne don gudun faɗan na sama, abin da aka cika a haka kuwa ba a dogara da shi.

Ta uku ita ce gane mutum, a nan ne kuma sanin al'ada yake shigowa.

Suna da shekaru

Manhajojin da aka ƙera a Turai suna ɗauka cewa kowane mutum yana da sunan yanka da sunan zuriya da ranar haihuwa da lambar gida. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba haka abin yake ba. Mutum yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, saboda haka a gari ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya da yawa. Yaron da aka raɗa wa Muhammadu ana iya kiran sa Ɗanjuma a gida don ranar da aka haife shi, ko Abba don ya ci sunan kakansa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, shi ne Habu. Uwa kuma saboda alkunya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ko na mijinta, in malamin asibiti ya tambaye ta sai ta faɗi laƙabi, ko ta dubi wadda ta rako ta. Gobe in kakarsa ce ta kawo shi, ta ba da wani suna. Na'ura kuwa sai ta buɗe wa yaro ɗaya fayil biyu, labarinsa ya rabu, a ga kamar yara biyu ne kowanne bai cika allura ba.

Haka batun shekaru. Tsoho yakan ce an haife shi zamanin sarki wane, uwa takan ce da kaka ta haihu, ko bayan Sallar layya, ko, a ƙasar Zuru, gab da bikin Uhola. In manhaja ta ƙi wucewa sai an sa mata rana da wata, ma'aikaci zai ƙaga, galibi ya sa 1 ga Janairu. Mashawarcin da ya san wurin zai nemi a yi gurbin ƙiyasi, a kuma haɗa wa ma'aikata jadawalin abubuwan da suka faru a yankin domin kimanta shekaru.

Maganin wannan rikici yana cikin tsarin likitancin iyali kansa, watau a yi rajista gida gida. Kowane gida a ba shi lamba, a rubuta unguwa da sunan maigida da na mai unguwa, kowane mutum kuma a sa shi ƙarƙashin gidansa da sunansa da laƙabinsa. Lambar waya ba ta isa shaida ba, don sau da yawa waya ɗaya ce a gida, tana kuma hannun maigida. Rajistar gida tana da wani amfani kuma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Irin wannan annoba ba a ganin ta a jikin yaro ɗaya, gama suma da amai sun yi kama da zazzaɓi ko sanƙarau. Sai an jera gida da gida, ƙauye da ƙauye, sa'an nan take bayyana.

Harshen ciwo

Manhaja tana aiki da jerin sunayen cututtuka masu lamba. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya ta fito da nata jerin a 1987, abin yabo a cikinsa kuwa shi ne ya ba da wurin rubuta abin da ya kawo mai ciwo bisa faɗarsa, dabam da abin da likita ya gano. Wannan bambanci yana da muhimmanci a Hausa. Zazzaɓi a bakin mutane zafin jiki ne ko da mene ne sanadinsa. Basir ya fi abin da littafin likita ya kira da wannan suna faɗi nesa. Sanyi yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama ciwon mara. Shawara kuwa, ban da ma'anarta ta nasiha, suna ce ta ciwon da ke sa ido ya yi rawaya, wanda sanadinsa yana iya zama hanta ko sikila ko wani abu dabam. Masana irin su Murray Last da Lewis Wall, waɗanda suka yi bincike a ƙasar Malumfashi, sun nuna cewa Hausawa suna da nasu tsarin rarrabe cuta, wanda ba ya hawa daidai kan na asibiti. In aka fassara jerin Turanci kalma da kalma aka ɗora a waya, ma'aikaci zai riƙa danna abin da ya fi kusa, ƙididdiga ta fito da tsabta alhali ba gaskiya ba ce. A Sakaba kuma akwai mataki na biyu, domin tsohuwa Bakambara tana iya faɗin ciwonta da harshenta, jikanta ya mayar da Hausa, malami ya mayar da Turanci, na'ura ta mayar lamba.

Saƙon tunatarwa ma yana da nasa sha'ani. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa, watau ɓ ko ɗ ko ƙ, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru, wasu ƙananan wayoyi kuma ba su nuna harafin. In aka cire lanƙwasa, ƙafa da kafa sun zama ɗaya, haka ɗaki da daki. Mashawarci shi ya san wannan ƙa'ida ta na'ura, masanin Hausa kuwa shi ya san jimlar da za a gina wadda ba za ta rikice ba ko da babu lanƙwasa. Ban da haka, mata da yawa ba su karanta boko, wasu ajami suka iya, wasu ba ko ɗaya. Sau da yawa saƙon murya ya fi, ko kuma a aika wa mai unguwa da unguwarzoma jerin gidajen da za a tunatar, su bi da baki kamar yadda aka saba.

Amana

Abin da mai ciwo ya faɗa wa likita amana ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan marasa lafiya da kuma rufe sirrinsu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman. Rajistar takarda mutum ɗaya ke iya leƙa ta a lokaci ɗaya, amma abin da ke cikin waya ana iya kwafe shi duka cikin ƙiftawar ido. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, fitar labarin cutar ƙanjamau ko cikin da ba a bayyana ba yana iya kashe aure. Saƙon da aka aika wa mace ta wayar mijinta, ko hoton sakamakon gwaji da ma'aikaci ya tura ta WhatsApp, duk ƙofofi ne. Mashawarci zai tsara wanda ke da ikon ganin mene, kowa da lambar sirrinsa, zai hana a rubuta sunan cuta cikin saƙo, zai kuma tabbatar an nemi yardar mace kafin a rubuta lambar da za a kira.

A wannan yanki akwai ƙarin dalili. Masarautar Zuru ta sha fama da 'yan bindiga, a watan Maris na 2022 ma an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a ƙasar Sakaba, mutanen ƙauyuka da yawa kuma sun bar gidajensu. Wannan yana nuna abu biyu. Na ɗaya, bayanin da aka adana a wani wuri dabam yana bin iyali duk inda suka koma, mai ciwon suga ko mai sikila ba zai fara daga farko ba. Na biyu, wayar da ke ɗauke da jerin gidaje da sunayen masu su da taswirar unguwa, in ta faɗa hannun mugu, makami ce. Tilas a kulle abin da ke cikinta yadda ba mai karantawa sai mai izini, a kuma iya goge shi daga nesa.

Rabon malamai

Na'ura ba ta taɓa jikin yaro ta ji zafinsa, ba ta ganin fuskar matar da ke ɓoye damuwa. Ba ta kuma zama madadin magani a kanta ko ma'aikaci a bakin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin jagorar da ta fitar a 2019 game da waɗannan na'urori, ta yi gargaɗi cewa ba su maye gurbin tsarin lafiya mai aiki. Mashawarcin da ya san iyakarsa zai auna nasararsa da abin da ya shafi mutane: yara nawa suka dawo allura ta huɗu, masu hawan jini nawa aka auna cikin wata uku, ba yawan wayoyin da aka raba ba.

Tambayoyin da aka jera a sama rabinsu na injiniya ne, rabinsu kuwa na harshe ne da al'ada. Sassan nazarin Hausa suna iya tattara sunayen cututtuka yadda ake faɗinsu a Zuru da Yawuri da Argungu, tare da takwarorinsu a harsunan Dakarkari da Kambari da Dukkawa, a zauna da likitoci a daidaita abin da kowace kalma ta ƙunsa. Suna iya jera sunaye da laƙabobinsu yadda na'ura za ta gane Garba da Abubakar suna iya zama mutum ɗaya. Suna iya tsara saƙonnin tunatarwa, a gwada su a bakin mata kafin a aika. Malaman kwalejojin horo kuma a hannunsu ma'aikatan gobe suke. Ɗalibin da aka koya wa rubuta rajista da gaskiya, da riƙon amana, da dalilin da ya sa ake tambayar laƙabi, zai iya aiki da kowace manhaja aka kawo masa. Yaron da aka yi wa allurar farko a Dirin Daji yana wata 5, ana jiran sa bayan wata 10 domin ta ƙarshe, dawowarsa kuwa tana rataye a kan yadda aka rubuta sunansa da gidansu a ranar farko.